Inda Ji Ya Kori Gani

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To amma ni dai, ya mai karatu, na shiga wata sana'a da ta nuna mini akwai wurin da wannan karin magana yake juyewa, ji ya zama shi ke korar gani. Wurin kuwa shi ne kujerar direban tirela, a daidai lokacin da zai canza giya. Kafin in yi nisa, bari in cire wa abokaina masu koyon Hausa wata tantama. Giyar da nake nufi ba wadda ake sha a bugu ba ce. A rubutun boko kalmomin biyu kamarsu ɗaya, amma tawa aro ce daga Turanci, kuma ita ce ke raba ƙarfin injin mota gwargwadon nauyin kaya da yanayin hanya.

A Agege ta Legas aka haife ni, kuma ban shigo jami'a ba sai da na shekara 27 a duniya. Tun bayan rasuwar mahaifinmu, ƙanin mahaifiyata, wato Kawu, shi ya ɗauki nauyin gidanmu ya haɗa da nasa. Abin da yake riƙe gidajen nan biyu da shi kuwa bai wuce tirela guda ɗaya ba. Da malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki a ranar 14 ga Fabrairun 2022, yajin da bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, Kawu ya kira ni ya zaunar da ni. Ya dafa gwiwarsa ta hagu, wadda ta shekara sama da 30 tana taka kuloci, ya ce, "Ɗana, gwiwar nan ta fara yi mini sallama. Ƙannenka ba su tasa ba, ni kuwa ba zan miƙa wa bare makullin motar nan ba. Ka zo ka koya tun ina iya nuna maka." Na san abin da maganar ta ƙunsa. Kuɗin makarantata, da cefanen mahaifiyata, da hayar ɗakunan da muke ciki, duk a kan tayoyin motar nan suke tafiya.

Motar tsohuwar Mack ce da aka shigo da ita daga Amurka, irin mai gunkin kare a kan hanci. Direbobi a gareji suka riƙa tsokanata wai yanzu motar Kawu ta samu karnuka biyu, ɗaya a waje, ɗaya a ciki, tunda mai koyon tuƙi karen mota ake ce masa. Idan an cika ta takan ɗauki tan 30, wato buhu 600 na siminti ko taki mai kilo 50. Na iya tuƙa ƙaramar mota tun kafin nan, har ina da lasinta, amma Kawu ya ce in ajiye wannan ilimin a ƙofar gareji, in na tashi komawa gida na ɗauka.

Wata guda cur ban taɓa sitiyari ba. Aikina shi ne duba mai da ruwa da asuba, da buga tayoyi da ƙarfe in ji wacce ta yi sanyi, da sa weji idan an tsaya, da ɗaure tamfol. In mun hau hanya kuwa, aikina ɗaya ne tak, in zauna in yi shiru. Can sai Kawu ya jefo mini tambaya, "Me ta ce?" In na tsaya ina dube-dube sai ya ce, "Tana cewa in ƙara mata," ko kuwa, "Tana cewa nauyi ya yi mata yawa, in rage." Daga nan hannunsa ya kai kan sandar giya. A hankali na fara bambance muryoyin injin: akwai gurnani mai nauyi na injin da kaya suka danne, akwai ihu na wanda aka matsa wa fiye da kima, akwai kuma wata murya a tsakiyarsu, mai daɗin ji, wadda a cikinta yake son zama.

Wannan murya ta tsakiya ita ce dalilin da ya sa motar ke da giya goma. Injin ƙaramar mota mai shan fetur yana iya juyawa har sau 6,000 a minti ɗaya, saboda haka giya biyar ko shida sun ishe shi. Shi kuwa babban injin gas, ƙarfinsa a ɗan ƙaramin fili yake, kamar daga juyi 1,100 zuwa 1,800 a minti. Ƙasa da haka ya shaƙe, sama da haka ya yi ta ihu da shan mai a banza. To tunda filin ƙarami ne, kayan kuma masu nauyi, dole a yawaita matakala, kamar yadda ake yi wa tsoho mai hawa bene. Ramukan da sandar ke shiga biyar ne kawai, amma akwai wani ɗan maɓalli a jikinta. In yana ƙasa, wato lo, ramukan su ne giya ta ɗaya zuwa ta biyar. In aka ɗaga shi sama, wato hai, sai waɗannan ramukan dai su koma ta shida zuwa ta goma. Iska ce ke yin wannan sauyi, kuma ana ɗaga maɓallin ne tun sandar tana cikin ta biyar, domin sauyin ya auku a lokacin da take ratsawa ta furi, wato tsakiya, inda babu giyar da ke ciki.

Babban abin da ya raba wannan mota da ƙaramar mota yana cikin giyabos. A ƙananan motoci akwai wasu zobba da ke daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu, fasahar da kamfanin Cadillac ya fara sawa a motocinsa a 1928. Su ne suka sa mai ƙaramar mota yake taka kuloci ya tura sanda, ba ruwansa da abin da ke faruwa a ciki. Yawancin tirelolin Turai irin su DAF da MAN ma suna da su. Tamu kuwa, kamar yawancin tsofaffin manyan motocin Amurka, ba ta da su a ramukan nan biyar. Direba shi ne zoben. A cikin akwatin, ɓangare ɗaya injin ke juya shi, ɗayan kuma tayoyi, kuma haƙoran ba za su yarda su shiga juna ba sai gudunsu ya zo ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin kwandastan danfo yana kama mota tana tafiya ya san abin da nake nufi. Ba ya tsayawa cik ya cafke ta. Sai ya bi ta da gudu har saurinsa ya yi daidai da nata, sa'annan ya ɗora ƙafa kamar mai shiga ɗaki.

Hanyar da ake bi a samu wannan daidaito ita ce direbobi ke kira dabul kuloci. In za ka ƙara giya, sai ka bari injin ya kai wajen juyi 1,500, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka taka kuloci ka fito da sanda furi, ka saki kuloci, ka ɗan dakata juyin ya sauko da kamar 400, ka sake takawa ka shigar da ita, ka saki. In kuma ragewa za ka yi, a nan cikin furi, bayan ka saki kuloci, sai ka ɗan buga totur juyin ya hau da kamar 400 ɗin, sa'annan ka shigar. Bugu da ƙari, ba a kai kuloci ƙasa in mota na tafiya, rabi ake takawa, domin a can ƙarshensa akwai wani ɗan birki da ke tsayar da haƙoran, wanda ba a amfani da shi sai mota na tsaye za a sa giyar tashi. A takarda abin layi huɗu ne. A kan kujera kuwa duk cikin daƙiƙa biyu ake yin sa, da ƙafa biyu da hannu ɗaya, ido yana kan hanya.

Kawu bai taɓa yi mini wannan bayani da lambobi ba. Abin da ya ce shi ne, "Ka taɓa ganin mata uku suna lugude a turmi ɗaya? Wace ce a cikinsu take kallon taɓaryar 'yar'uwarta? Sauti suke bi. Wadda ta riga lokacinta, taɓare su gwabza. Wadda ta makara, su gwabza. To haka giya take." Lallai kuwa, duk wanda ya zauna a garejin manyan motoci ya san wannan ƙara ta gwabzawar haƙora, ƙarar da ke sa masu shayi su waiwayo, bakanike kuma ya yi murmushi, domin ya san kasuwa na tafe. Kuma a nan ne ƙarfi ba ya amfani. Kawu da yatsu uku yake riƙe sandar. Yakan ce in giya ta ƙi shiga, ba taurin kai take yi ba, lokacinta ne bai yi ba ko ya wuce, mai danna ta da ƙarfi kuwa da aljihunsa yake faɗa.

Da na karɓi takardar izinin koyo, sai muka fara a wani fili kusa da inda tireloli ke yada zango a Ogere, kan hanyar Legas zuwa Badun, da kan motar kaɗai babu bodi. Daga ta uku zuwa ta biyar, a ɗaga maɓalli, ta shida, a sauko, a sake. Kullum da yamma cinyata ta hagu rawa take yi, in na kwanta kuma ƙafar ta riƙa taka kuloci a cikin barci. A lokacin idona ba ya barin agogon da ke nuna juyin injin, tunda shi ne abin da na sani a matsayina na ɗan boko: lamba. Ran nan sai Kawu ya cire hularsa ya rataya a kan agogon, ta rufe shi ruf. Na ce, "Kawu, to da me zan gane?" Ya ce, "Ranar da za ka fi bukatar agogon nan, dare ne, ana ruwa, ga kwana a gabanka, ga mai babur a gefenka. Da wane idon za ka dube shi? Allah ya ba ka kunne biyu, ba su da aikin komai a tuƙi sai wannan." Kwana tara hular tana wurin. A rana ta goma sandar ta riƙa faɗawa raminta kamar ana jan ta daga ciki, sai ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa ya sa, bai ce uffan ba.

Akwai ranar da na zo masa da wata dabara da na karanta a intanet, wadda ake koya wa sababbin direbobi a Amurka don gane giyar da ta dace da gudun mota mai giya goma. Tunda agogon gudun motarmu da mil yake ƙirga, sai ka haɗa lambobin biyu: mil 15, ɗaya da biyar, giya ta shida, mil 25, ta bakwai, 35, ta takwas, 45, ta tara. Kawu ya saurara, ya ce mu gwada. Ya hana kansa kallon agogo, ni ina kallo, yana canzawa da kunne. Kusan duk inda lissafin ya ce a canza, nan hannunsa yake motsawa. Ya yi dariya ya ce, "Ashe Turawan nan ma sun iya mota." Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin da bai yi aji ɗaya a boko ba yana ɗauke da lissafin injiniyoyi a cikin kunnensa.

Amma fa duk wannan share fage ne. Ainihin karatun yana kan tudu da gangare. Mukan ɗauki kaya daga Legas mu bi ta Badun, Akure, Owo, Okene, Lakwaja, Abuja, Kefi da Akwanga zuwa Jos, mu juyo da dankalin Turawa ko masara zuwa kasuwar Mile 12. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma kafin ka hau ta wannan ɓangare sai ka bi ta Hawan Kibo a yankin Riyom, wurin da ko tsohon direba yakan gyara zama in an ambace shi. A nan Kawu bai taɓa ba ni sitiyari ba. Abin da yake sa ni shi ne in riƙa faɗin giyar da ta kamata kafin ya canza. A wurin na gane cewa a hawa da kaya, ɗan dakatawar nan ta cikin furi tana gajarcewa ƙwarai, domin da zarar ka fito daga giya nauyi ya fara jan motar baya, gudu yana zubewa. In ka yi jinkiri kaɗan, giyar da ka nufa ta riga ta yi maka girma, sai ka nemi ta ƙasa da ita. In ita ma ta kuɓuce, ka tsaya ke nan a tsakiyar tudu da tan 30 a bayanka, karen mota ya diro da weji a guje. Saboda haka ake rage giya tun injin bai fara shaƙewa ba. Kawu yakan ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Tudu tun daga gindinsa ake hawansa."

Saukowa ta fi hawa haɗari. Ƙa'idar ita ce ka sauka da giyar da ka hau da ita ko wadda ta fi ta ƙanƙanta, kuma ka zaɓe ta tun kana sama, kafin hancin motar ya sunkuya. Injin da ke cikin ƙaramar giya shi ke riƙe nauyin, birki taimako kawai yake yi, a taka a saki. A 2022 kuwa jarrabawa ta zo wa direbobi, domin litar man gas da ba ta kai naira 300 ba a watan Janairu ta haura naira 700 kafin tsakiyar shekara. Sai wasu suka riƙa sa mota a furi a gangare wai don su rage shan mai. Ga abin da ke biyo baya. Injin ya daina riƙe komai, nauyi duka ya koma kan birki. Birkin tirela da iska yake aiki, injin da ke zaman banza kuwa a hankali yake tara iska, alhali kowane taku yana cinye ta. Ƙarafan birki su yi zafi har su daina kamawa. In direba ya farga ya nemi komawa giya, gudun tayoyi ya riga ya wuce abin da injin zai iya kamowa ko da an take totur har ƙasa, ƙofar ta rufe ke nan. Abin takaicin ma shi ne, motar da ke cikin giya a gangare, in an ɗaga ƙafa daga totur, kusan ba ta shan mai ko kaɗan. Wata safiya muna saukowa a hankali kamar hawainiya, wata tirela ta wuce mu kamar iska, ba ka jin injinta sai ƙaurin birki. Kawu ya ce, "A furi yake. Allah ya sauke shi lafiya." Har muka iso ƙasa ba wanda ya sake magana. Mun same shi a can gindin gangaren ya samu ya tsaya, tayoyinsa na hayaƙi, yana zaune a bakin hanya ya haɗa kai da gwiwa. Ba kowa ke samun irin wannan sa'ar ba.

Sai a wata na bakwai Kawu ya bar ni na hau tudu da kaya, a wani hawa matsakaici tsakanin Owo da Okene. Ya kwantar da kujera, ya ja hula ya rufe fuska, wai barci yake ji. Na shiga da ta takwas. Tun kafin gurnanin ya yi nauyi na fito, na buga totur, ta bakwai ta shige. Tudun ya ƙara miƙewa, na sake, ta shida. Tafin hannuna ya jiƙe, amma kunnena yana kan injin, shi kuma yana cikin muryar nan tasa ta tsakiya har muka kai sama. Can sai na ji daga ƙarƙashin hula an ce, "Yaushe za ka rage giya ne?" Na ce, "Ai sau biyu na rage, Kawu." Ya ce, "To ban ji ba." Ya juya ya ci gaba da barcinsa. A sana'ar nan babu yabon da ya wuce wannan, domin giyar da aka sa daidai ita ce wadda na kusa da kai bai san an sa ba.

Yanzu na samu lasin aji G, wanda ake bai wa masu jan tirela, kuma duk hutu ni ke karɓar Kawu a rabin hanya, gwiwarsa ta samu sauƙi. Na san zamani yana tafiya. Tun 2001 kamfanin Volvo ya fito da giyabos mai suna I-Shift wanda kwamfuta ke canza masa giya, kuma irinsa sai ƙara yawa yake yi a sababbin motoci. Wata rana dabul kuloci zai zama labari. Sai dai ko an ɗauke wa direba aikin ƙafa da hannu, hangen tudu tun daga nesa da sanin nauyin da ke bayansa suna nan a wuyansa.

Daga ƙarshe, ina da kira ga 'yan'uwana ɗaliban harshe. Na farko, masu koyon Hausa da ke kuka da karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa, su ma su rataya hula a kan littafi lokaci-lokaci, su je Sabo ko zango su zauna su yi shiru. Abin da ido ba zai samu a takarda ba, kunne zai ɗauko shi a bakin masu harshe. Na biyu, garejin manyan motoci rumbu ne na kalmomi. Dubi yadda kuloci da birki da totur da sitiyari da ribas da furi da weji suka shigo daga Turanci, Bahaushe ya tanƙwara su suka zauna daram a bakinsa, ya kuma ƙirƙiri nasa irin su karen mota. Ga zaurance, ga kirarin motoci, ga rubuce-rubucen da ke jikin bodi. Masu wannan ilimi suna tsufa, motocin da suka koya a kansu suna ƙarewa. Duk wanda ke neman abin da zai rubuta kundin kammala digiri a kai, ga fili nan a Ogere da Mile 12. Ya tafi da biro da takarda, amma ya fara miƙa kunne tukuna.